Masinjan Da Ya Amsa Sunan Ofisa

An yi wani masinja a wata ma'aikata, aikinsa kai takardu daga ofis zuwa ofis da goge teburan manya. Mutum ne mai son girma ƙwarai. Ya lura ɗan sanda ofisa ne, na kwastan ofisa ne, har akawu mai buga hatimi ofisa ake ce masa, kuma duk wanda aka kira haka ana rusuna masa. Sai ya sayi kaki a gwanjo, ya hana kowa kiransa da sunansa.

Matarsa ta yi dariya ta ce, "Maigida, ofisan wane ofis kuma?" Ranar bai ci abincinta ba. A teburin mai shayi kuwa, har bugun ƙirji yake yi wai ya sha kama mutane ya rufe.

Wata rana da tsakar rana ma'aikata suka fita cin abinci, ginin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Yana fitowa baranda ya ga wata tsohuwa a kan benci, ta ninke rigar namiji a cinyarta.

Ta ce, "Ɗana, Ofisa nake nema."

Ya gyara kwala ya ce, "Ni ne, Iya."

"Kai ne?"

"Na ce miki ni ne."

Ta daɗe tana kallonsa ko ƙiftawa ba ta yi. Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi. Kai ka zo ka tafi da autana. Ka ce tambayoyi kawai za a yi masa ya dawo. Ga rigarsa, bai ɗauka ba."

Ya ce, "Iya, ba ni ba ne. Ni masinja ne kawai."

"Na tambaye ka, ka amsa," in ji ta. "Zan jira."

Washegari ya same ta a bencin. Mai gadi ya rantse bai ga shigarta ba. Rana ta gaba ba ita kaɗai ba ce, akwai wani dattijo riƙe da takalmin ɗansa. Daga baya wata mai goyo ta zo. Ba sa hayaniya, ba sa zagi. In ya wuce da takardu sai kawunansu su juya tare, su bi shi da ido har ya shige.

Ya cire kakin ya ƙona. Ya durƙusa a gabansu yana kuka, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Tsohuwar ta ce a hankali, "Ofisa, yaushe zai dawo?"

Ranar da ya buɗe ƙofar gidansa da safe ya gan su a jere a gindin katanga, bai ƙara zuwa aiki ba. Yayansa ya ɗauke shi ya ba shi ɗaki a bayan gida. Yana nan har yau, labule a sake, kuma ko matarsa ce ta kira shi, sai ya leƙa tukuna kafin ya amsa.

Darasi: muƙami ba ado ba ne, nauyi ne. Wanda ya amsa sunan da ba nasa ba don a rusuna masa, ya sani ya amsa har da hakkin da ke wuyan masu sunan. Ka tsaya a matsayinka, ka riƙe shi da gaskiya.