Tsohon da ba ya shiga mota sai ya zagaye ta

Akwai wani tsohon matuƙin jirgin saman yaƙi da 'yan unguwa suka laƙaba wa Baba Zagaye. Ba ya shiga mota sai ya kewaye ta, ya taɓa kowace taya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Babban ɗansa, lauya mai ji da kansa, abin nan na ci masa rai.

Ranar da sojoji za su karrama tsofaffin matuƙa, lauyan ya zo ɗaukarsa da sabuwar mota fil. Tsohon ya fara zagayensa, maƙwabta na ƙunshe dariya.

"Haba Baba! Motar ko wata ɗaya ba ta yi ba. Kullum sai ka kunyata ni a gaban mutane?"

Tsohon ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya shiga. Suka kama hanya.

A zauren taron, wani dattijo mai ƙafa ɗaya ya karɓi lasifika, ya nuna Baba Zagaye.

"Mu goma sha bakwai ne, dukkanmu da raunuka, abokan gaba sun yi mana ƙawanya. Wannan bawan Allah ya sauko da jirgi mai saukar ungulu ana ruwan harsashi. Muna ta ihu ya tashi, ya ce sai ya zagaya jirgin. Ni har zaginsa na yi. Ashe harsashi ya huda bututun mai. Da bandejin ƙafata ya ɗaure shi, a nan aka harbe shi a kafaɗa. Da hannu ɗaya ya kawo mu gida."

Zauren ya miƙe tsaye ana tafi. Lauyan kuwa ya kasa ɗaga kai. Kunya ta rufe shi, shekara arba'in yana ganin tabon kafaɗar mahaifinsa bai taɓa tambaya ba.

Da suka fito, tsohon ya nufi ƙofar mota kai tsaye, don kada ya sake ɓata wa ɗansa rai. Wannan ya fi komai yi wa lauyan ciwo.

Ya riƙe hannun mahaifinsa. "Baba, ku yafe ni. Ai ba mu zagaya ba."

Tsohon ya dube shi jim kaɗan. "To, daga tayar hagu ake farawa."

Lauyan ya durƙusa da kwat ɗinsa a cikin ƙura, manyan baƙi na kallo.

Darasi: Kafin ka raina ɗabi'ar tsohonka, tambaye shi inda ya samo ta. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, tun da sauran lokacin tambaya.