Numfashin Inna

Akwai wani makaɗi da ake ce wa Mai Kunne. Shi ba ganga ba garaya. Sana'arsa ɗaukar kukan tsuntsaye da zubar ruwa da motsin ganye, ya haɗa su a kwamfuta da wani amo mai sanyi, masu neman natsuwa su saurara.

A bayan gidan mahaifiyarsa yake samun sautin da ya fi so, don akwai rafi da manyan itatuwa. Da sassafe zai kafa makirufo ya zauna kamar gunki.

Ita kuwa Inna, bakinta ba ya hutu. Ta kira kaji, ta yi waƙa tana shara, ta leƙo ta ce, "Auta, ka karya kuwa?"

"Inna, don Allah ki yi shiru, kina ɓata min aiki."

"To, mai tsuntsaye. Na yi."

In ya koma ɗakin aikinsa, sai ya bi sautin ya yanke duk inda muryarta ta faɗo, ya goge na asalin don kada na'ura ta cika. Shekara shida yana haka, har yana alfahari wai aikinsa babu ƙazantar ɗan Adam.

Ran nan Inna ta kwanta ciwon kwana biyu, ta cika.

Bayan an share makoki, yayarsa ta same shi a ɗakin. "Auta, kai da ka shekara da shekaru kana ɗaukar sauti a gidan nan, sa min muryar Inna. Ta fara ɓace min a kunne."

Kwana uku yana bincike. Rafi na nan, kurciya na nan, har iska. Duk inda ya san ta yi magana, sai ya ji sauti ya wuce sumul. Gwanintarsa ba ta taɓa ba shi tsoro ba sai ranar.

Abu ɗaya ya tsira: wani wuri da yankansa ya makara, ta ja numfashi za ta yi magana.

Ya kunna wa yayarsa. Ta dafe ƙirji.

"Ita ce. Bar shi ya ci gaba, me ta ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Iyakarsa ke nan, Yaya. Ni na yanke."

Darasi: Abin da kake kira surutu yau, wata rana za ka neme shi da hawaye. In iyayenka na raye, saurare su. Tura wa wanda har yanzu yake da mai damunsa da tambaya.