Yadda Ɗantoka Ya Rasa Maganarsa

Dalilin da ya sa kuke ganin kare da harshe a waje yana haki, in kun yi masa magana ba ya amsawa sai da jela, ba zafin rana ba ne kaɗai, yara. Ku gyara zama ku ji.

A zamanin da, bakin kare a rufe yake kamar na kowa, kuma yana magana tsaf kamar ni da ku. A lokacin akwai wani baduku a garin Gangaren Baure, sunansa Ranau. Jaka, kube, takalmi, rigar laya, babu abin fata da bai iya ɗinkawa ba. 'Ya'yansa mata biyu sun yi aure nesa, gidan daga shi sai matarsa Tabawa sai karensu Ɗantoka, wanda Ranau ya tsinta yana ɗan kwikwiyo kwance cikin tokar juji.

Ɗantoka akwai surutu. Da safe zai zaga gari, ya dawo zaure inda Ranau ke aiki, ya kwanta ya ɗora haɓa bisa ƙafarsa, ya kwashe labarin gari kaf ya ba shi. In labari ya ƙare sai ya koma kan ɗinki.

"Maigida, wannan layin ya karkace."

"Kai ka taɓa riƙe basilla?"

"Ba ni da hannu, amma ina da ido."

Ranau zai yi tsaki, ya duba, ya ga gaskiya ne, ya warware. Haka suke wuni.

Wata shekara karnukan daji suka addabi garin, yau a rasa akuya, gobe tunkiya. Mai gari ya sa aka yi shela: duk kare mai ubangida a ɗaura masa alama a wuya, wanda aka gani babu alama, maharba su harbe shi. Kafin wannan rana ba a taɓa ɗaura wa kare komai ba.

Ranau ya ture aikin mutane gefe, ya baje fatunsa a gaban Ɗantoka, ja da baƙa da koriya, ya ce ya zaɓa. Ɗantoka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa.

"Baƙa ba za a gan ta daga nesa ba," in ji shi. "Ba ni ja."

"In sa maka ƙararrawa?"

"Don duk zomon da ke dajin nan ya ji ina tafe?"

"To, wuri fa? In jera maka guda bakwai."

"Maigida, kare nake, ba amarya ba."

Tabawa tana tankaɗe daga ciki, ta yi dariya har gari ya zube. Ranau ya yanko siririn ƙirgi mai ƙarfi, ya lulluɓe shi da jar fata, ya karɓo zoben ƙarfe wurin maƙeri ya maƙala. Da ya zo ɗaurawa sai zuciyarsa ta raya masa: in abin nan ya suɓuce a daji fa, maharbi ya hango Ɗantoka wuya wayam? Sai ya ja ya ƙara ja, sannan ya ɗinke bakin gaba ɗaya yadda ba ya kwantuwa.

Ɗantoka ya juya wuya. "Ya ɗan matsa."

"Gara ya matsa da ya faɗi. Fata ce, za ta saki."

Tabawa ta leƙo ta ce, "Maigida, da ka sassauta masa kaɗan."

Ranau ya ce kowa da sana'arsa. Ɗantoka bai sake magana a kai ba, ya fita yana taƙama a gaban karnukan unguwa, don babu mai abin wuya kamar nasa.

Damina ta kankama. Ran wata kasuwa Ranau ya ɗauki jakunkunan da ya ɗinka, suka ƙetare kogi shi da Ɗantoka, ruwa iya gwiwa. Da la'asar da suka dawo, ashe an yi ruwa mai yawa can tudu, kogi ya kawo, jawur yana tafe da itace da ciyayi. Ya kamata su kwana a tsallake, amma Ranau ya tuna Tabawa ita kaɗai ce a gida. Ya dubi ruwa, ya dubi Ɗantoka, tsoro ya kama shi kada ruwa ya tafi da karen. Ya kwance igiyar kayansa, ya ƙulla baki ɗaya a zoben wuyan Ɗantoka, ɗaya bakin ya ɗaure a kugunsa.

"In ruwa ya ja ka, ni zan riƙe ka," in ji shi.

Suka shiga. Ɗantoka yana iyo a gaba, Ranau na biye, ruwa iya ƙirji. Ɗantoka ya kai gaɓa ya hau. Saura taku kaɗan Ranau ya isa, ƙafarsa ta faɗa rami, ruwa ya ɗauke shi cak. Igiya ta miƙe ta fizgi Ɗantoka har ya faɗi. Ya tashi, ya kafa ƙafafunsa huɗu cikin taɓo, ya juya baya ga kogi, ya ja.

Ranau ya ɗago kai daga ruwa ya ga abin da ke faruwa. Duk nauyinsa da ƙarfin kogi a wuyan Ɗantoka suke, siririn ƙirgin nan ya nutse cikin nama, idanun karen sun firfito. Ya san aikin hannunsa, ya san ba zai tsinke ba. Ya laluba kugunsa ya zaro wuƙar yankan fata, ya ɗora a kan igiya.

Ɗantoka ya waiwayo ya gan shi. Da ƙyar murya ta fito.

"Kada ka yanke, Maigida."

"Za ka mutu, Ɗantoka."

"Tabawa na jira. Kada ka yanke."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ja, taku ɗaya, taku biyu, ƙafafu suna zamewa yana sake kafa su. Numfashinsa ya koma kakari, harshensa ya zaro waje. Bai tsaya ba sai da hannun Ranau ya kama saiwar baure. Ranau ya rarrafo gaɓa, ya tarar da Ɗantoka kwance ba ya motsi. Ya nemi ya cusa yatsa ƙarƙashin abin wuyan, ko farce bai shiga ba. Ya sa wuƙa ya yanke shi. Can sai cikin karen ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa.

A kafaɗa Ranau ya kai shi gida, jakunkuna da cinikin ranar duk kogi ya tafi da su, bai ko tuna ba. Tabawa ta dafa romo, ta riƙa ɗura masa zuma da man shanu. Kwana bakwai Ɗantoka ya miƙe. Ya zo zaure, ya ɗora haɓa bisa ƙafar Ranau, ya buɗe baki zai yi magana, abin da ya fito sai "hau". Ya sake gwadawa, "hau". Harshen ma ya ƙi zama a ciki, da ya ɗan yi tafiya sai ya zubo. Aka kira wanzami ya duba, ya ce maƙogwaro ya murƙushe, abin da ya tafi ya tafi.

Ranau ya daina ɗinki. Zai zauna a zaure fatu na gabansa, shiru, sai hakin Ɗantoka. Ga shelar mai gari tana nan, kare ba ya fita babu alama, shi kuwa Ranau ya rantse hannunsa ba zai sake zagaya wuyan nan da fata ba. Ɗantoka kullum yana bakin ƙofa yana leƙen hanya.

Wata safiya Tabawa ta zo ta zauna a bakin zaure.

"Maigida, ka hana shi magana, yanzu kuma za ka hana shi yawo?"

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Ni 'ya'ya biyu na goya," in ji ta. "Ka taɓa ganin na ɗaure majanyi a wuya? A ƙirji ake ɗaukar nauyi. Jaki ma da ake lafta wa kaya, majayin da ke riƙe kayan a cikinsa ake ɗaurawa, ba a wuya ba."

Ranau ya dube ta. Sannan ya jawo fatunsa ya baje, ya ce wa Ɗantoka, "Zo ka zaɓa." Ɗantoka ya shinshina, ya ɗora ƙafa kan wata fatar tunkiya mai laushi, ya kaɗa jela. Ranau ya auna ƙirjinsa da zaren kaba. Ya yanka maɗauri mai faɗi ya ratsa gaban ƙirji, wani ya zagayo ta bayan ƙafafun gaba, suka haɗu a gadon baya, nan ya sa zoben. Ya ɗaura igiya ya ja, ya ga wuya ko motsi bai yi ba. Na wuyan kuwa, don alama kawai, ya yi shi da faɗi, mai kwantuwa, sai da ya zura yatsu biyu tsakanin fata da wuya suka shige sumul sannan ya ƙulla.

"Ya matsa?" in ji shi.

Ɗantoka ya kaɗa jela, ya yi waje da gudu.

To, amma da ya shiga gari sai yara suka riƙa binsa suna nuna harshensa suna dariya. Ya dawo gida jela a ƙasa. Labari ya kai ga wata tsohuwar karya ta sarkin baka, wadda duk karnukan garin ke jin maganarta. Ta tara su kaf suka zo ƙofar gidan Ranau.

"Baduku," in ji ta, "mun ji abin da ɗan'uwanmu ya yi a kogi. Wanda ya fi mu duka ya rasa maganarsa, ba ma yi surutu a gabansa ba. Kuma ba za a yi masa dariya shi kaɗai ba."

Ta zauna ta zaro harshenta. Sauran karnuka suka zazzauna suka zaro nasu. Ɗantoka ya fito ya gan su jere, ya tsaya, sannan ya shiga tsakiyarsu ya zauna. Ranau ya juya ya shige zaure, Tabawa ta ga yana share ido da bakin riga.

Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara, karnuka ba su karya alkawari ba. Kwikwiyon da aka haifa bai ji uwarsa na magana ba, shi ma bai koya ba. Ranau kuwa har ya tsufa, duk wanda ya kawo kare a ɗinka masa abin wuya, sai ya kama hannun mutumin ya zura masa yatsu biyu da kansa, in kuma kare mai ja ne, ya ce a yi masa na ƙirji.

Shi ya sa har wa yau kare ke zaro harshe, yana jin duk abin da kuka faɗa amma ba ya mayar muku da magana. In kun tashi ɗaura wa naku, ku zura yatsu biyu ku gani, don ko ya matsa masa, ba shi da bakin da zai gaya muku.