Sarki Barmo da Jinjirin Wata

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki ana ce masa Barmo, wanda tun hawansa ya kafa doka cewa fari kaɗai ke shiga akushinsa: surfaffen gero, farar shinkafa da tsokar ƙirjin kaza. Ganye, in ji shi, cimar talaka ce. Ya sa aka kori mata masu kwaɗon zogale daga ƙofar fada. Hanta kuwa dama rabon Sarkin Fawa ce.

Ana nan, Wazirinsa Jatau ya lura da wani abu. Da rana Sarki garau yake, amma da zarar rana ta yi gora sai ya fara laluben bango. Dundumi ya kama shi. A ƙasar kuwa, sarki da kansa ke hawa ganuwa ya nuna jinjirin watan azumi, wanda ya kasa gani kuma masu zaɓe su karɓe rawaninsa. Ga Sha'aban ya kama.

Waziri ya yi fatauci da ƙuruciya, ya sha ganin madugai suna gasa wa mai dundumi hanta, su haɗa masa da zogale da manja, ido ya dawo. Amma wa zai ce wa Sarki ya ci abin da ya haramta da bakinsa?

Wata hantsi Sarki ya kira shi gefe, ya ba shi labarin mafarkin da ke ta maimaita masa. Wai yana ganin marigayiya mahaifiyarsa Kubura a wani lambu mai raɓa, ganyaye suna walƙiya kamar an wanke su da nono, tana miƙo masa ƙwarya, in ya kai hannu sai duhu ya rufe.

Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, me Inna ta fi so a duniya?"

Sarki ya ce a hankali, "Kwaɗon zogale, Waziri. Da gasasshiyar hanta."

Waziri ya ba da shawara a yi mata sadakar wannan abinci kullum har ƙarshen wata. Ya kuma tuna masa al'adar gidansu, cewa mai sadakar iyaye shi ke fara sa hannu a ƙwaryar. Sarki ya amince.

Aka nemo Tabawa, shugabar matan da aka kora. Ta zo tana tsokanar dogarai, wai dama ta san cikin fada zai neme ta. Ta dafa zogale sama-sama, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da manja, ta gasa hanta. Loma ta fari Sarki ya rufe ido, ƙamshin ɗakin uwarsa ya dawo masa. Waziri ya kau da kai don kada ya ga hawayen Sarki.

Ranar duban wata aka hau ganuwa bayan faɗuwar rana. Galadima, wanda ya daɗe da zargin Sarki ba ya gani da dare kuma yake kwaɗayin gadon sarauta, ya nuna kudu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi can."

Sarki ya duba, ya yi murmushi. "Wannan gajimare ne, Galadima. Dubi saman rimin can."

Kowa ya juya. Ga jinjirin wata, siriri kamar gashin gira, yana rataye a jan sama. Aka buga tambari.

Washegari Sarki ya tuɓe Galadima, ya soke dokarsa, ya mai da matan ƙofar fada. Da aka kira magariba, ya aika a tambayi Tabawa ko da sauran kwaɗo na buɗa baki. Ta ce akwai, amma sai ya bi layi.

Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya sa wa abincinmu albarka.