Taguwar Ɗantala da Allurar Shanu

Akwai wani malamin dabbobi da aka turo Maigatari a zamanin soja, bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa. Sunansa Hezekiah, mutumin Filato. Matarsa Felicia ba ta biyo shi ba, ta zauna gida saboda makarantar yara. Shi kaɗai yake kwana a ɗakin da ke bayan asibitin dabbobi, shi ke dafa wa kansa.

Aiki kam ya iya, kuma ya san ya iya. Ya daɗe yana yi wa shanu allura a can ƙasarsu. Ran Alhamis, ranar kasuwa, ko ruwa ba ya samun sha. Sauran ranaku yana kan babur tsakanin rugage, har Sule Tankarkar.

In rana ta yi sanyi sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya ɗora shayi, ya kunna rikoda. Kaset guda yake saurare, na waƙoƙin zumuntar matan cocinsu, don akwai muryar Felicia a ciki.

Mutum ɗaya ke zama da shi a tabarmar nan. Ɗantala ne, wani dattijo mai taguwa tilo, wadda yake ɗauko kanwa da ita daga tsallaken iyaka. Ba shi da gona. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a Nijar.

"Sarkin Raƙuma, ina sauran garken?" Haka Hezekiah ke tarbarsa.

"Suna hanya, Likita. Zuba shayi. Yau ma madam ce za ta yi mana waƙa?"

Daga nan sai su sha shayinsu, taguwar tana tuƙa a gefe, har a kira magariba Ɗantala ya tashi.

A lokacin ana koyar da ma'aikatan dabbobi a Gumel duk wata, kyauta. Wani matashin likita ne ke zuwa. Haladu, malamin dabbobi na Gagarawa, ya san na bakin iyaka ba su da sukuni. Sai ya riƙa ɗaukar karatun a kaset yana aika musu ta hannun direbobi.

Na Hezekiah suna zuwa, yana jera su a taga.

Wata rana Haladu ya kawo da kansa.

"Yallaɓai, ko sauran ba ka ji ba, ka ji wannan. Kan raƙuma ne. Kai ne a kasuwarsu."

"Haladu, ran da na fara riƙe sirinji likitan naku yana goye. Raƙumi kuma saniya ce mai dogon wuya."

"Ba zai ci maka ko shan shayi ɗaya ba."

"Ajiye can. Sai na samu lokaci."

Da yamma ya sa kaset ɗin Felicia, kamar kullum.

Damina ta faɗi, ƙudaje masu cizo suka yi yawa. Taguwar Ɗantala ta fara ramewa. Tozonta ya kwanta, idonta na zubar da ruwa, tana durƙusawa da kaya a hanya.

Hezekiah ya duba ya ce, "Cutar sammore ce. Na yi wa shanu maganinta har na gaji."

"Likita, ita ce gonata, ita ce ƙafata. In akwai wanda ya fi sanin raƙumi, ba zan ji kunyar kai ta ba."

"Ka taɓa ganin dabba ta mutu a hannuna?"

Ɗantala ya durƙusar da ita, ya riƙe mata kai.

Hezekiah ya dama garin maganin nan ruwan ɗorawa da ake yi wa shanu. Ya dubi girmanta, ya ƙara, ya tsira mata.

Washegari taguwa ta kama rawar jiki, kumfa na fita a bakinta. Ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Kafin kasuwa ta zagayo an ja ta bayan gari.

Ɗantala bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Akalarta kawai ya kwance, ya naɗe.

"Kwananta ne ya ƙare," in ji shi. Bai dubi Hezekiah ba.

Ran nan da yamma tabarma ba kowa. Hezekiah ya cire kaset ɗin matarsa, ya ɗauko na Haladu, ya goge ƙura. Ba a yi nisa ba muryar likitan ta ce: "Allurar sammore ta shanu, mai ruwan ɗorawa, kada ku kusanci raƙumi da ita. Guba ce gare shi. Nasa maganin daban ne."

Ya mayar baya ya sake ji. Shayi ya ƙone a kan wuta.

Da safe ya tafi gidan Ɗantala don ya faɗa masa da bakinsa. Ya tarar da ƙofa a ɗaure. Maƙwabta suka ce ya koma wurin 'yarsa, tunda ba abin da zai ci a nan. Saƙon ban haƙuri Hezekiah ya ba wani mai fataucin kanwa ya kai masa.

Daga watan nan Hezekiah bai sake fashin zuwa Gumel ba. Yakan zauna a bencin gaba da furfurarsa, yana tambaya har matasa su gaji. Ya saurari kasa-kasan duka. Sannu a hankali masu raƙuma suka san shi. Amma da yamma shi kaɗai ne, da kofi biyu, ɗaya a kife.

Bayan damina ta sake zagayowa, wani mutum mai suna Kawu ya zo daga tsallake, yana jan raƙumi ramamme.

"Kai ne Likita? Baba Ɗantala ya aiko ni. Ya ce in tambaye ka tukuna, ka je karatun?"

"Na je. Ina zuwa har yanzu."

"To, ya ce in ka je, in bari ka taɓa shi."

Hezekiah ya duba raƙumin, ya yi masa allurar da ta dace da shi. Yana wanke hannu ya tambaya, bai ɗago ba:

"Shi fa, zai zo?"

"Bai ce ba."

Raƙumin ya warke. Ɗantala bai zo ba. Har aka yi wa Hezekiah canjin wurin aiki, yana shimfiɗa tabarmar nan.

Darasi: Daɗewa a aiki ba ta hana ka kashe abin da aka damƙa maka. Su a kaset ake kai musu karatu cikin motar haya. Ku yana cikin wayar da ke hannunku, kyauta, kuna cewa ba lokaci. Ma'aikacin dabbobi, ka buɗe ka koya tun dabbar wani tana tsaye. Ku tura wa duk wanda ke riƙe sirinji.