Hoton Kan Juwairiya Da Ya Tsaya A Ƙofa

Akwai wani saurayi a wajen Shabu, sunansa Hamman, yana da ƙanwa guda ɗaya, Juwairiya. Ita ce take dariya tun kafin a gama ba ta labari. Wata ranar kasuwa okada ya zubar da ita a hanyar Lafia, kanta ya bugi kwalta. Ta tashi da ƙafarta, ta ce ba komai, jiri ne kawai.

Hamman bai yarda ba. Ya kai ta wani asibitin kuɗi a Bukan Sidi, inda suke da injin ɗaukar hoton cikin kai. Ba su da likitan da yake karanta hoton, sai dai babbar kwamfutarsu, wadda suke kira sabar, ta tura shi ga wani likita a Jos, shi kuma ya bugo waya da amsa.

Ga abin da Hamman bai sani ba a lokacin.

Manajan wurin, Aondohemba, ya daɗe yana fushi cewa ma'aikata suna cinye masa data da kallon ƙwallo. Sai ya sa aka kafa furoksi, wato ƙofa ɗaya da kowa zai bi kafin ya fita intanet, kuma sai mutum ya sa sunansa da kalmar sirri, wato fasuwod. Ursula, mai gyara musu kwamfuta, ta ce masa:

"Oga, sabar ba mutum ba ce, ba ta da hannu. A bar ta ta wuce babu fasuwod, amma zuwa Jos kaɗai. Sauran mutane ka kulle su yadda ka ga dama."

Ya yi dariya. "Madam, a nan ko ƙuda ba ya fita sai da sunana. Sa mata nawa."

Aka sa mata nasa. Ranar da aka kawo Juwairiya kuwa, da safe ya zargi wata nas da leƙa masa hannu yana dannawa. Ya canza kalmar sirrin, bai faɗa wa kowa ba, ya wuce Keana biki.

Aka ɗauki hoto. Hoton ya je ƙofa da tsohuwar kalma, ƙofa ta ƙi buɗewa. A allon nas kuma babu abin da ya nuna sai "ana jira".

Hamman ya tambayi nas ɗin, "Sista Sewuese, har yanzu?"

"Ɗan'uwa ka yi haƙuri, ko netiwok ne, ko dokta yana tiyata. Zai kira."

Juwairiya ta kwantar da kai a cinyar yayanta, ta ce barci take ji. Ya riƙa yi mata fifita da hularsa, yana ganin kamar sauƙi ne ya fara zuwa. Wannan fifitar ita ce take cinsa har yau. Rana ta yi sanyi, jikinta ma ya yi sanyi.

Bayan an rufe ta, Hamman ya koma asibitin karɓar takalmanta da mayafinta. Ya tarar da Ursula tana faɗa a ofis, muryarta har ɗakin jira.

"Na gaya maka! Yanzu na buɗe wa sabar hanya, hotuna duk sun tafi lokaci ɗaya. Mutane nawa ka ajiye a bakin ƙofar nan?"

"Abeg ki rage murya," in ji Aondohemba. Ya juyo ya ga Hamman. "Malam, sai haƙuri. Lokacinta ne ya yi."

Hamman ya ce, "Na san Allah ne mai kwana. Ba kai za ka koya mini ba."

Sai wayar asibiti ta yi ƙara a kan tebur. Ursula ta danna ta a sifika. Likitan Jos ne, yana magana da sauri.

"Yarinyar nan Juwairiya, jini yana zuba a cikin kanta. Abu ne da ake iya cirewa in an yi hanzari. Ku sa ta a mota yanzu-yanzu zuwa babban asibiti. Tana ina? Tana magana?"

Masu jira sun taru a bakin ofis. Aondohemba ya miƙa hannu zai kashe wayar, Hamman ya riƙe masa hannu ya danne shi a kan tebur.

"A'a, Oga. Ka ce komai sai da sunanka yake fita daga nan. To ba shi amsa. Gaya masa inda take."

Likita yana ta cewa "Halo? Halo?" Wata tsohuwa ta ja hannun jikanta suka fita, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Mai asibitin ya kori Aondohemba a makon nan. Hamman bai ji daɗin komai ba. Ya ɗaura takalman da mayafin a bayan mashin ɗinsa ya koma gida.

Darasi: In an ba ka riƙon ƙofa, ka san abin da yake bi ta cikinta kafin ka kulle. Tsaro abu ne mai kyau, amma wanda ya ɗaure aikin da rayuka suka dogara da shi a jikin sunansa don a san shi ne babba, wani ne zai biya da ransa. In wanda ya san aiki ya gargaɗe ka, ka saurara. Ku tura wa duk wani oga da kuka sani, ko zai ji kafin a kai ga haka.