Cajar Baba Tazara

Akwai wani tsoho mai haɗa caja da ake ce wa Baba Tazara. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kullum cikin warin dalma, ga tsohuwar rediyo tana surutu a kan benci. Allah sarki, har yau in na ji warin nan sai ya faɗo mini a rai.

A kowace caja yakan bar fili tsakanin ɓangaren da wutar gida ke shiga da ɓangaren da mutum ke taɓawa, ya naɗe taransifoma da tef ninki-ninki. Shi ya sa cajarsa ke fitowa ƙatuwa, ga nauyi.

Dogo, wanda a hannun Baba ya koyi sana'ar, ya ƙosa da wannan tsari.

"Baba, wannan filin noma za ku yi a ciki? Mutane siririya suke so."

"Wuta ba ta da kunya, ɗana. Ka matse ta, ta tsallako."

Dogo ya yi dariya. Ya buɗe nasa shagon, ya matse komai, ya rage tef. Kasuwa kuwa ta koma wajensa, kai ya kumbura. In tsohon ya zo wucewa sai ya ce, "Ga mai bulo nan."

Wata rana da hantsi Dogo ya shigo gida, ya tarar da 'yarsa mai rarrafe a kan jiƙaƙƙen siminti, tana tsotsar bakin wayar caja, ga wuta an kawo. Ya ɗauka cajarsa ce, ya kuwa san abin da ke cikin kayansa.

Ya daka tsalle ya fizge cajar daga bango, sai ya ji nauyi a hannunsa. Ta Baba ce. Yarinya ko gezau, dariya ma take masa.

Matarsa ta sunkuyar da kai. "Taka cizo take yi in hannuna na jiƙe, shi ya sa na sayo ta Baba. Na ɓoye maka ne kada ka ji haushi."

A ranar ya kwashe cajojinsa daga kan kanta, ya nufi shagon Baba don neman gafara. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Telan da ke maƙwabtaka ya leƙo. "Ai Baba ya rasu tun watan jiya. Ba ka ji ba?"

Dogo ya zauna a bakin ƙofar ya fashe da kuka.

Darasi: Kada ka rage kariya don kaya su yi kyau, ba ka san hannun wa za su faɗa ba. Kuma wanda ya koya maka aiki, ka gode masa yana da rai. Ku tura wa masu sana'ar wuta da iyayen yara.